Kwanon Mama Asabe a Kan Sikeli

Har gobe ina tuna ranar da na auna iska na ce taliya ce. Wautar tawa ce, ban musa ba. Amma ku da kuka fara aiki jiya-jiya, ku ji abin da aka gina a kanta.

Watannin farko ne da sojoji suka koma bariki. Wannan gidan abincin namu na Kakuri, ma'aikatan masaƙa ne ke riƙe da shi, kuma taliya da wake suke bi. Ni ne mai wanke tukwane. Mama Asabe ce mai girki, tun kafin a haife ni. Taliyar 'yar murji ce, matan Tudun Wada ke busarwa su kawo a buhu, a cukurkuɗe kamar gashin mahaukaci. Mama da kwano take aunawa.

Sai Oga Yakubu, mai gidan, ya sayo sikeli. Ya ce, “Yanzu mulkin farar hula ne, komai a fili.” Komai a fili, amma a ɓoye ya ja ni sito. “Ɗanjuma, cika kwanon nan ka ɗora. Kada Mama ta sani.”

Na yafuto taliya sama-sama na zuba. Tsakanin sili da sili akuya za ta wuce da 'ya'yanta. Ya cire nauyin kwano, allura ta tsaya wajen rabin kilo. Oga ya lissafa da yawan kwanon da Mama ke cewa tana dafawa, ya ga bai kai abin da ke fita daga sito ba. Fuskarsa ta yi kamar gindin tukunya.

A gaban kowa ya tare ta. “Mama, sauran taliyar ina take zuwa? Gonin Gora, gidan 'yarki?”

Ta ajiye ludayi. “Yakubu, ni kake tambaya haka?”

“Sikeli ba ya ƙarya. Daga yau da kilo za a dafa.”

Aka dafa da kilonsa, rabin kilo a madadin kowane kwano. Layi bai kai rabi ba taliya ta ƙare ƙarƙaf. Wani ƙato mai auduga a gemu ya leƙa ciki ya ce, “Oga, azumi aka fara ba a sanar ba?” Saura kaɗan su cinye ni da manja.

Ina kankare tukunya abin ya faɗo mini. Kullum ina ganin awon Mama: takan danna taliyar da dunƙulen hannu har ta kakkarye, ta ƙara, ta sake dannawa, sannan ta yi mata tozo. Na ruga sito na yi yadda take yi. Allura ta kusa taɓa kilo guda.

Na kira Oga na nuna masa. Ya duba, ya sake dubawa. “To ai kai ne sakarai.”

“Na yarda, Oga. Amma a je a gaya wa Mama.”

“Ta gani a tukunya gobe.”

Nan ne raina ya ɓaci, har yau bai gyaru ba. Bakin da ya iya kiran dattijuwa ɓarauniya a gaban ma'aikata, ya kasa ɗaga kalma ɗaya ta haƙuri. Ni na je na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ja kunnena har na ji ƙarar jirgin ƙasa, ta ce, “Kai yaro ne. Shi fa?”

Shi ya sa nake hana ku ɗora komai a sikelin nan sai kun tambayi mai girki yadda take cika kwanonta. Sikelin yana da amfani, ko jariri ya auna daidai zai fito. Abin da aka ɗora masa kawai yake faɗa.

Mama ta ƙarasa watan, ta ɗauki kwanonta ta kafa rumfa a Makera. Rabin layinmu ya bi ta. Oga bai taɓa taka wurin ba. Ni aka ba sikelin.