Kawu Sada da Ƙamus ɗin Sikotlan

Duk wanda ya san Kawu Sada na Maska ya san ba a kai ƙarshen magana a gabansa. Kana tsakiyar labari zai ɗaga hannu: "Dakata! Maimaita!" Sai ya tuɓe hula, ya zaro ɗan littafi da guntun fensir daga cikinta, ya rubuta kalmar da ka faɗa, ya kuma tambaye ka garin da aka haifi kakarka. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke goya shi a babur, don haka na fi kowa shan wannan azaba.

Ciwon tara kalmomin nan ya kama shi tun yana saurayi, lokacin da yake awon auduga a Funtua tare da wani Bature mutumin Sikotlan. Wai Baturen in ransa ya ɓaci sai ya ajiye Turancin makaranta ya koma yaren ƙauyensu. Da zai tafi gida ya bar wa Kawu ƙamus ɗin yaren, mai kauri kamar bulo. Shi ke nan, muka shiga uku!

Wata ranar kasuwar Dandume muka yi kiciɓis da abokinsa Ardo Buba a bakin karar shanu. Ardo ya ce, "Kai, Malam, matsa in wuce."

"Ardo, kada ka ƙara ce mini kai. A Sikotlan kai shanu ke nan."

"To, ku matsa."

"Ku kuma saniya ɗaya!"

Ardo ya dogara sandarsa, ya ce, "Wallahi mutanen nan sun san girmama mutum."

Matarsa Hajiya Indo ma ba ta tsira ba. Likita ya hana shi jan nama, ran nan ya ga kilishi a hannun baƙi. "Hajiya, in taɓa?"

"Ai likita ya..."

"Kin ce ai! A Sikotlan ai na nufin e." Kafin ta rufe baki ya kai loma.

Amma ranar da ba na mantawa ita ce ta jikarsa Rabi. Ta shiga gasar rubutun Hausa ta 'yan sakandare a Malumfashi, ta rubuta labarin wata tsohuwa mai cewa "tahi" da "hwara" da "biyat". Alƙalai suka bi kalmomin da jan biro, suka cire ta daga gasar. Rabi ta dawo da kuka, ta rantse ta bar rubutu har abada.

Kawu ya ce, "Tada babur."

Muka isa, ƙamus a cinyarsa. Shugaban alƙalan, wani matashi mai tabarau, ya ce, "Baba, ƙa'idar rubutu ce, ba ni na yi ta ba."

"Karanta maganar yarinyar. Ta karya ƙa'ida?"

"A'a, sai inda tsohuwar ke magana."

Kawu ya dire ƙamus a tebur, tim! Ya buɗe, ya dangwala yatsa. "Ga kalmar da suke kiran yaro da ita. Dubi yadda kowane gari ke rubuta ta daban. Sun kori ko ɗaya? Jera su suka yi, kowace da garinta! Malam, mutumin ina ne?"

"Matazu."

"Hajiyarku in za ta aike ka, me take cewa?"

Mutumin ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. A hankali ya ce, "Tahi."

"To a kan Hajiyarku ka sa jan biro."

Jama'a, aka sake zama, Rabi ta zo ta ɗaya! A hanyar dawowa kowane ƙauye sai ya dafa kafaɗata: "Rage gudu, ga mutane can ba su ji labari ba." Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai da la'asar sakaliya muka shiga Maska.

Bara, bayan an cire masara, ya kwanta kwana uku ya cika. A zaman makoki labaransa muka riƙa yi, muna danne dariya, har liman ya harare mu, can shi ma ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Da muka tashi kuma sai gidan ya yi mana faɗi.

Allah Ya jiƙan Kawu Sada, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.