Gammon da Ke Rataye a Taksin Hamidou

Duk wanda ya shiga taksin Hamidou a Libreville sai ya tambayi tsumman nan da ke rataye a madubi. Tsohon gammo ne, ya sha gumi har ya yi baƙi. Ni Balki ina sayar da shinkafa da wake a bakin tashar jirgin ruwa ta Port Môle tun kafin kuɗin fetur su haukata garin, kuma a gabana aka ba shi.

Hamidou mutumin Tasawa ne, can Nijar. Ubansa maroƙi, kakansa maroƙi. Ya tashi yana bin ubansa gidajen suna da biki, ya san wanda ake ce wa toron giwa, da wanda ake ce wa gamji, da hamshaƙi, da ƙasaitacce, da wanda mai hali kawai za a ce masa a wuce. Amma ya ga yadda ake cilla wa tsohon kyauta ana dariya, ya kuma ji gidan da ya nemi aure sun ce ba sa haɗa jini da maroƙa. Sai ya kama hanya har inda ba a tambayar uban kowa, ya rufe bakinsa, ya kama sitiyari.

A shekarun fetur ɗin nan kowa babba ne. Wanda jiya ya ci bashin tuwo, yau ga shi a marsandi. Sunan girman kuwa bai wuce biyu ba: patron da ekselans. Minista patron, mai shagon taya patron, Hamidou ma da ya sayi taksinsa ya zama patron. Ni abin haushi yake ba ni, a ce kowa hularsa iri ɗaya. Shi kuwa daɗi ya ji, na wani lokaci.

Ni na fara gano shi. In babbar mota ta wuce yana cin abinci, sai in ga laɓɓansa na motsi, wuyansa na miƙewa. Na girma a Maraɗi, na san wannan wuyan.

"Malam Hamidou," na ce masa, "wannan ba tasbihi ba ne."

Ya ajiye cokali. "Hajiya, ki rufa mini asiri. Kalmomin ne ke taso mini, sai in ji kamar tsohona na tsaye bayana. Ya rasu ban je ba. Amma Alhaji Hamadou na neman Rabi'a ma ɗansa, kin san mutanen Garwa da bin asali."

Rabi'a ita ce 'yarsa tilo, tana kuma son yaron. Ban faɗa wa kowa ba, ni da ba a san ni da riƙe magana ba.

Akwai wani ɗan dako, Abdulƙahar, dattijo daga Marwa. Rabin buhunan da suka mai da 'yan kasuwarmu alhazai a kansa suka sauka daga jirgi. Da Hamidou ya zo garin ba shi da wurin kwana, shi ya matsa masa a tabarmarsa. Har gashin Abdulƙahar ya yi fari, "kai" ake kiransa. Da ƙirji ya kama shi, ya ce gida zai koma ya mutu kusa da nasa.

Ranar tafiyar, da hantsi, tashar ta cika. Alhaji Hamadou na can da yaransa suna karɓar kaya. Abdulƙahar ya zo da ƙullinsa, ya bi layin jirgin Duwala, yana ba mutane hanya kamar kullum. Babu wanda ya ɗaga kai. Hamidou ne ya kawo shi, yana tsaye jikin taksi. Na ga wuyan ya miƙe. Na ce, "Hamidou, Alhaji fa." Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya san abin da yake yi sarai. Ya sa hannu a kunne.

"Abdulƙahar na Marwa! Toron giwa, mai ɗaukar abin da ya gagari ƙarti! Gamji, wanda baƙo ya kwana a inuwarsa! Ginshiƙin Port Môle, a kanka attajirai suka hau! Sauka lafiya, babban mutum!"

Wallahi tun da na bar gida ban ji murya irin wannan ba. Na tuna ƙofar gidanmu ranar sunan ƙanena, na yi kuka ludayi na hannuna. 'Yan Gabon ma da ba su ji ko kalma ba sun tsaya.

Tsohon ya juyo yana waige, yana neman wanda ake nufi. Da ya gane shi ne, sai ya miƙe sosai, na ga ashe dogo ne. A al'ada wanda aka yi wa kirari ba ya wucewa hannu sake. Ya lalubi aljihu, babu komai. Sai ya kwance gammonsa daga ƙulli ya miƙa. Hamidou ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Alhaji Hamadou ya juya ya ci gaba da karɓar kayansa. Goron neman auren Rabi'a da aka sa ranar kawowa bai zo ba, Alhaji kuma bai aiko da dalili ba. Rabi'a ta daɗe ba ta yi wa ubanta dariya, kafin daga baya ta auri wani makanike a garin Ntoum. A tasha kuma aka daina ce masa patron.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama.

"Don Rabi'a, kullum," ya ce. "Amma Hajiya, ranar nan da na buɗe baki, muryar tsohona ce ta fito. Na zaci ba zan ƙara jin ta ba."