Yaya Lawali da akwatinsa mai ƙafa uku

Yaya Lawali mai hoto ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina zaune ina jiran shayi ya tafasa. Ɗiyarsa Rabi ce ta kira ni a salula daga Tasawa. Ta ce, "Baba Mushe, Baba ya cika bayan sallar asuba." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce mata to. Na ajiye wayar, na zuba shayin, na sha.

Har yanzu ban yi kuka ba. Jikina dai kamar na aro.

Ina Yamai, an yi mini aikin ido, ba zan samu jana'iza ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, ko da ido ɗaya ne.

Yaran yanzu tsoho kawai suka sani, mai zama kan benci kusa da tashar mota. Mu da muka yi samartaka lokacin mulkin soja mun san duk wanda ke da hoto a ɗaki, daga Tasawa har ƙauyukan Mayahi, da wuya in ba hannun Lawali ba ne.

Na san shi shekara guda kafin babban farin tamanin da huɗu. An turo ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ɗan ƙauye daga Attantane, ban san kowa ba. Na je ya yi mini hoton katin shaida da riga mai yagaggen wuya. Ya kama kafaɗata ya ɗan juya ni gefe, yagewar ta ɓuya. Sai bayan shekaru ya gaya mini dalili.

Daga ranar nake ce masa Yaya, shi kuma Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu, har ya bar duniya. Tuwon gidansa na ci har na yi aure.

Kyamararsa ta fari akwatin katako ne mai ƙafa uku, wanda ya samu wajen wani Bayarabe da ya koya masa aiki a Maradi. Babu filim. Takarda ake sakawa, ya cire murfin ido, ya mayar, sannan ya zura hannu cikin wani baƙin hannun riga da ke bayan akwatin, ya wanke hoton a can ciki da lalube. Na farkon yakan fito a juye, fuska fara sol, farar riga baƙa, har yara su ruga. Wannan juyayyen zai sake ɗauka ya fito daidai, ya ɗauraye cikin bokiti, ya miƙa maka da danshinsa.

Lokacin da na zo ya riga ya jingine akwatin a zaure. Ya sayo sabuwa daga Kano, mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa a ƙirji ana leƙawa ta sama. Yana ji da ita ƙwarai. Yakan ce, "Wagga tana koya ma mutum ladabi. Sai ka sunkuyar da kai kana ka ga wanda ke gabanka."

Filim ɗinta hoto goma sha biyu ne. Saboda haka ba ya gaggawa. Sai ya yi hira da kai har ka manta da abin da ya kawo ka, sannan ka ji ƙyat.

Sai fari ya zo.

Wanda bai gani ba, Allah kada ya nuna masa. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Makiyaya da manoma suka yi ta gangarowa daga arewa, daga wajen Mai Rairai da ƙauyukan da ke bayanta, suka yada zango a gefen gari. Dabbobi sun ƙare a hanya. A aji, yara na barci kan tebur, ni kuma ban da ƙarfin tashinsu.

A zangon nan iyalai ke rabuwa. Maza su yi kudu neman abin da za su aiko, mata da yara su tsaya jiran rabon hatsi. Babu waya, babu adireshi.

Yaya Lawali ya fara rataya mai ido biyu yana zuwa can da yamma. Ba yunwa yake ɗauka ba. Yakan sa mutum ya gyara rawani, mace ta gyara lulluɓi, ya ɗauke su tsaye. In ya wanke, ya ba mai tafiya ɗaya, ya ba mai zama ɗaya, don in an ɓace wa juna a samu abin nunawa a tasha.

Na raka shi sau da yawa. Ban taɓa jin ya kira abin taimako ba.

Wata rana wani jandarma, jami'in tsaro, ya tare mu a bakin zangon. A lokacin hukuma ba ta son a ga hoton irin wannan wuri. Ya tambayi Yaya wa ya ba shi izini. Yaya ya ce, "Su suka ce in ɗauke su, ranka ya daɗe."

Jandarman ya karɓi kyamarar, ya buɗe bayanta, ya zaro filim ɗin ya ɗaga wa rana. Ya laluba jakar Yaya, ya zaro wanda aka cika jiya, shi ma ya warware. Sannan ya tasa Yaya gaba.

Ya kwana biyu a tsare. Ni nake kai masa fura. Da aka sake shi aka riƙe kyamarar. Muna tafiya gida ina ta ba shi baki kan ɗaurin, sai ya tsaya ya ce, "Ba ɗaurin ba ne, Mushe. Mutanen da ke cikin filim ɗin nan sun riga sun tahi."

Cikinsu akwai mijin wata Buzuwa mai suna Tekna. Ya yi kudu washegarin ɗaukar hoton, da alkawarin za a ba ta nata. Ta zo zauren da ɗanta a goye, ta ce, "Na zo karɓar mai gidana."

Ina wurin. Yaya ya rasa ta inda zai fara. Da ya gaya mata hoton ya lalace, sai ta zauna a ƙasa.

Can ya ce, "Ƙanwata, takarda ta ƙone, amma na dube shi da kyau." Ya shiga faɗa mata: yadda ya ɗaure rawaninsa, tabon da ke kan girarsa ta hagu, yadda ya so ya yi dariya ya danne. Ta ce, "Shi ne." Ta tashi ta tafi.

Mijin bai dawo ba. Tekna ta zauna Tasawa tana saƙar tabarma. Da yaron ya yi wayo, ita da kanta ta riƙa kawo shi, Yaya ya sake faɗa masa kamannin ubansa. Bai taɓa ƙara wani abu ba, bai taɓa ragewa ba.

Bayan abin da ya faru, sai ya jawo tsohon akwatin daga zaure, ya kakkaɓe, ya kafa shi a tsakar gidansa. Ya aika zango cewa duk mai tafiya ya biyo ta nan tukuna. Akwatin nan ba shi da filim da za a zare. Kana tsaye za a wanke, ka sa a aljihu ka wuce. Da shi ya yi aiki har ruwa ya dawo.

An mayar masa da mai ido biyu daga baya, gilashin sama ya tsage. Haka ya ci gaba da ita.

Zamani ya yi ta juyawa. Aka zo hoton kala, ana ba direba filim ya kai Maradi, a yi ta jiran dawowarsa. Aka zo na dijital. Aka zo waya. Yaya ya rufe shago ba tare da ya yi wa kowa ƙorafi ba. Ya taɓa ce mini, "Da, mutum kan yi wanka don hoto. Yanzu hoto ke iske shi yana hamma."

Shekarun nan samari daga Yamai suka fara zuwa neman tsofaffin kyamarori, wai sun dawo yayi. Yakan ji daɗi. Ya zaunar da su, ya nuna musu yadda ake nannaɗe filim, ya bar su su leƙa ta sama su ga duniya a juye. Amma bai sayar ba.

Ganinmu na ƙarshe, kafin in taho nan ne. Na iske shi kan tabarma, ƙafafu sun kumbura. Ɗaya daga cikin samarin ya aiko masa filim guda. Ya sa Rabi ta ɗauko mai ido biyu, ya ce in tsaya jikin bango. Ya daɗe yana leƙawa.

Na ce, "Yaya, kana ma ganina kuwa?"

Ya ce, "Ina ganin wani tsoho. Gyara hula."

Na ji ƙyat. Na tambaye shi ina za a wanke, tunda babu mai wanki yanzu ko a Maradi. Ya ce, "Je ka a gyara maka ido tukuna. Mi za ka gani da wanga?"

Ɗazu na sake kiran Rabi. Ta ce filim ɗin na nan cikin kyamarar. Na ce kada kowa ya buɗe bayanta. Ta ce Tekna ta zo tun da hantsi, ta tsufa ƙwarai, ɗanta ne ya kawo ta a babur. Yana cikin waɗanda za su ɗauki makara.

Ban san abin da zan ƙara ba.

Allah ya jiƙan Lawali ɗan Isuhu. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa, ya dube shi da idon rahama. Allah ya ba Rabi da 'yan'uwanta haƙuri, ya jiƙan waɗanda suka tafi kudu ba su dawo ba.

Duk wanda ya karanta, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah ku sa shi a addu'a yau.