Ƙulli biyu a kwallar daddawa

Kafin uwar mijina ta rasu ta bar mini ƙulli biyu. Ɗaya garin saiwar sanya ne da ta gwandar daji, na saran maciji. Ɗayan garin filasko, na wankin ciki. Tsummokaran kuwa daga zani ɗaya ta yago su. Lokacin ko alif ban sani ba balle in yi musu rubutu, sai na jefa su a tsohuwar kwalla na rufe.

Wata damina da hantsi mijina Malam ya shiga kangon da ke jikin gidanmu na Tudun Wada zai jawo itace. Sai ga shi yana ɗingishi.

"Igiya ta taɓa ni," in ji shi. Ba a kiran sunan abin in ya yi sara, wai dafin ƙara hawa yake.

"Kai da ka ce ka sha rigakafi wurin gardi a kasuwa?"

"Yanzu ne lokacin gori? Ɗauko na Inna."

Na buɗe kwalla. Na sansana wannan, na sansana wancan, duk warin daddawa suke, don a nan nake ajiye ta. Na yi bismillah na zaɓi babban, na kaɗa masa kofi guda. Ya shanye, ya ce ba inda za shi, maganin Inna ba ya ƙarya. Ƙafa kuwa sai kumbura take. Na ce ko ya hau mashin ɗin maƙwabci, ko in goya shi in ratsa kasuwa da shi kowa ya gani. Ya hau.

A asibiti aka yi masa allurar kashe dafi. Da la'asar filasko ya kama aikinsa. Na yi ta bin sa makewayi, buta a hannu ɗaya, ledar ƙarin ruwa a ɗayan. Duk fitowa sai ya ce, "Kin gani ko? Dafin ne ke fita."

Ya warke da ƙafarsa. Ya bi majalisa yana yabon maganin Inna, har mata suka fara sallama suna neman a ɗan ɗibar musu. Na faɗa musu gaskiya, na ce su nufi asibiti. Shi ne dai har yau bai yarda ba.

Ranar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malama ta ce kowa ya fara da sunansa. Na ce sunana ba zai ɓace mini ba, ta fara koya mini rubuta filasko.