Cire Baya

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noman gonakin nesa, a ita wani Alhaji mai shagon buga fosta da katin biki a Funtuwa ya aiko in je intabiyu. Yana neman mai haɗa zane a kwamfuta, kuma aikin har da ɗaki a bayan shago. Ɗakin nan nake so fiye da aikin, don in ɗauke Innata daga ƙauyenmu na gefen Tsiga kafin kaka, lokacin da mutanen daji suke dawowa.

Saƙon ya ce in taho da ayyukan da hannuna ya yi. A waya na koyi sana'ar, kuma a ƙauyenmu wa zai ba ka aikin talla? Da na buɗe ayyukan nawa, kusan duk hotunan ta'aziyya ne. In an kashe mutum, danginsa su turo hotonsa, in cire bayan hoton, in ɗora shi kan farin gajimare, in rubuta Inna lillahi a sama, suna da addu'a a ƙasa. Cire baya muke ce wa wannan, wato ka bi gefen mutum a hankali ka yanke shi daga duk abin da ke kewaye da shi. Na ƙware har gashin gemu ba na ci.

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya. Wa zai shiga neman aiki da maƙabarta a aljihu? Sai na zauna ƙirƙiro tallace-tallace: sabulun da babu shi a duniya, gidan burodi, buhun taki. Na ari kaftanin ɗan kawuna, na riƙa yi wa bangon zaure bayanin launi da tsarin haruffa, awaki na kallona. Amma ni kaina na san tallan nan ba su da rai. Aikin da ya fi kowanne kyau shi ne na Yayana, wanda aka harbe a gonar masara a daminar da ta gabata.

Ban iya kai shi gaban baƙi ba tare da izinin Inna ba. Ba ta taɓa ganinsa ba, don na ɓoye mata. Na same ta tana tankaɗe, na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Ina masarar da ke bayansa?"

Na ce na cire, haka ake yi. Ta ce a gonar nan ya girma, a cikinta ya cika, ni kuma na rataye shi a sama kamar wanda ba shi da gari. Ta goge garin da ya taɓa gilashin da bakin zanenta, ta ce in je da shi, in dai zai yi mini amfani. Na karɓi wayata na tashi.

Ranar intabiyu duk bayanin da na haddace bai yi rana ba. Alhaji ya wuce sabulu da burodi da ɗan yatsa, ya tsaya a kan Yaya. Ya yaba yadda na fitar da gefen hula, bai tambayi ko wane ne ba, ni ma ban faɗa ba.

"Malam, irin wannan muke nema. Yanzu shi ya fi shigowa, daga Kafur har Musawa."

Ya ce in fara ranar Asabar. Na yi godiya, ina jin kamar in kifar da teburinsa.

Na koma gida na gaya wa Inna an samu, na ce ta soma haɗa kaya. Ta yi mini addu'a sosai, sannan ta ce ba inda za ta, ba za ta bar kabarin ɗanta da na mijinta ta je ta zauna a bayan shago ba. Na yi lallashi, na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa ta shiga ɗaki, ta fito sanye da mayafinta na Sallah, ta je ta tsaya jikin katangar da ta yaɓe da hannunta.

"Ɗauke ni a nan," in ji ta. "In ranar ta zo, kada ka cire bayan."

Na ɗauka. Hoton yana cikin wayata har yau, kuma duk kiran da ya shigo daga gida sai na bar shi ya ɗan yi ƙara kafin in amsa.