'Ya'yan Tsamiya a Cikin Kumbo

Shekara biyu na yi ina aiki a wani shagon buga takardu a Tudun Wada. Yawancin aikina takardun neman aiki ne da katin biki. Wata Laraba da hantsi wani dattijo ya shigo da littattafan rubutu guda huɗu a cikin leda, ya ce labari ya rubuta, yana so a buga masa a kwamfuta. Ya ce shi tsohon malamin dabbobi ne, ya yi ritaya.

Labarin na zamanin da bai zo ba ne. Duniya ta bushe, mutane suka shiga wani ƙaton kumbo za su koma wata duniyar. An kwantar da su barci a cikin akwatunan sanyi, wata farar na'ura mai baƙin tabo a gefe guda tana jan tafiyar. Sharaɗinta ɗaya: kada mai gadin da aka bari a farke ya ƙirga masu barci sai an sauka. Da farko daɗi kawai nake ji, don ban taɓa karanta irinsa da Hausa ba.

A littafi na biyu ne hannuna ya tsaya. Mai gadin ya kasa haƙuri, ya fara ƙirge, kuma da 'ya'yan tsamiya yake yi, yana ɗauka daga aljihun dama yana sawa a na hagu. Duk wanda ya ƙirga ba ya sake farkawa.

Me ya kai 'ya'yan tsamiya cikin kumbo?

Na san wannan labarin. Kakata ce take ba mu shi a rugarmu ta wajen Burumburum, da rana tsaka tana kaɗa nono, don ta ce ba tatsuniya ba ne. A nata, fari aka yi, wata farar saniya mai baƙin kunne ta ja garke da mutane ta cikin kogon dutse zuwa makiyaya, aka hana ƙirga shanu sai an fita. Wani ya ƙirga da 'ya'yan tsamiya, duk saniyar da ya ƙirga ta zama dutse. Ban taɓa jin shi a bakin kowa ba sai a gidanmu.

Da ya dawo duba aiki, na ce, "Baba, a ina ka samo labarin nan?"

Ya ce, "A kaina mana, 'yata." Amma bai dube ni ba, yana ta juya takarda.

Ranar Juma'a na je gida na ba Inna, mahaifiyata, labari. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta tambaye ni kamanninsa. Na ce dogo ne, yana da tabo a gira.

"Shi ne," in ji ta. "Ina budurwa ya zo yi wa shanunmu allura. Ruwa ya cika rafi, ya kwana uku a wurinmu, kakarki tana dama masa fura. Bayan tafiyarsa da sati biyu shanu suka fara faɗuwa. Kusan rabin garken ya tafi. Kuma kafin ya yi allurar sai da ya ƙirga su, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta."

Na koma aiki raina ba daɗi. Na fara karanta kowane shafi kamar mai neman shaida. Mai gadin kumbon yana da tabo a gira? Ba shi da. Amma akwai wata tsohuwa a cikin masu barcin da mai gadin yake tsayawa a kan akwatinta kullum, ba a faɗi dalili ba. Na riƙa tambayar kaina ko ya san ko ni wace ce ya kawo aikin shagonmu, alhali akwai wasu shaguna biyu a layin.

Ranar da ya zo karɓa, ban miƙa masa ba. Na ce, "Baba, ni jikar matar nan ce ta Burumburum, mai labarin farar saniya."

Ya zauna a benci.

"Tana raye?"

"Ta rasu."

Ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "Ban sace ba. Ni dai labarin ne ya ƙi barina shekara da shekaru. Na ga in na bar shi da saniya da kogo, jikokina ba za su saurara ba. Na sa masa kumbo don ya ƙara tafiya. Girmama kakarki na yi."

"To me ya sa ka ce a kanka ka samo?"

"Kunya."

"Shanun fa?"

Ya ce cutar ta riga ta shiga garken kafin ya zo, ya gani a idanunsu, ya kuma faɗa wa kakana, amma bayan abin ya faru ba wanda ya tuna da haka. Yana maganar muryarsa ba ta rawa. Na kasa gane ko gaskiya ce ta sa, ko kuwa ya daɗe yana maimaita ta a ransa.

Ya roƙe ni in ƙara layi ɗaya a shafin farko, cewa asalin labarin na wata tsohuwa ce da ta ciyar da shi kwana uku. Na buga. Ya tambaya ko zai iya zuwa ya gaishe da Inna, na ce zan tambaye ta.

Inna ta ce kakana bai taɓa ambata mata an yi masa wani gargaɗi ba, amma ta yarda ba komai yake faɗa wa mata ba. Game da gaisuwar, ta ce a bar shi tukuna. Dattijon ya sake leƙowa shagon sau biyu, ina ce masa ba ta ba da amsa ba. Daga baya na sami aikin koyarwa a Doguwa, na bar shagon, ban ƙara ganinsa ba.