Furannin Hajara da Mai Lambun Ma'adi

Laraba: Jos zuwa Alƙahira

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba ƙanena Sani ya tsayar da motarsa a ƙofar gidana da ke Jos, yana ta danna hon kamar babu mai barci a unguwar. Tafiyar Alƙahira ce ta kama ni. Autata Bilkisu, wadda ke karatu a can tare da mijinta, ta haihu. An samu mace, aka mayar da sunan matata Hajara, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce.

Da na fito da jaka, fitilar motar ta haska ƙananan itatuwan nan biyar na gindin katanga. Hajara ce ta dasa su tun muna sababbin tarewa. Sunansu a littafi haidiranjiya, ita kuwa dunƙule take ce musu, don furen yakan haɗu wuri guda kamar curin fura, shuɗi mai kyau. Tun da ta rasu ba su ƙara yin fure ba, ko ɗaya. Ban kuwa rage su da komai ba. Na ba su ruwa, na ba su takin kaji, kuma kowace shekara kafin damina sai in wasa adda in sare su ƙasa-ƙasa, yadda muke yi wa lalle da zogale a ƙauyenmu don su tofo da ƙarfi. Suna tofowa kuwa, ganye kore shar, amma fure babu. Har na sa a raina sun bi mai su ne. Bana ko addar ban ɗauka ba.

Sani magini ne, ya daɗe yana damuna a tumɓuke su a zuba siminti a samu wurin ajiye mota. Na gaji na yarda.

"Yaya, Asabar zan kawo leburori kafin ruwa ya kankama," in ji shi. "Za ka dawo ka tarar da wuri fes."

Na ce to. Ban waiwaya na dube su ba.

Mun yi sallar asuba a wani masallacin bakin hanya bayan Bukuru, muka gangara Hawan Kibo gari na wayewa. Shinge tara na ƙirga kafin Akwanga. A kowanne sai Sani ya nuna furfurata ya ce, "Jika za shi gani a Masar," a yi dariya a ɗaga mana. A Akwanga muka karya da ƙosai da shayi, bakwai da rabi. Goma da arba'in muna filin jirgin Abuja, bayan kilomita kusan ɗari uku. Jirgi ya tashi biyu saura kwata, muka yi awa biyar a sama. Agogonsu ya riga namu da awa ɗaya, don haka takwas saura muka sauka.

Surukina Malam Nura ne ya tare ni, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a. Direban tasi ya ce fam ɗari huɗu, Nura ya yi masa wani ruwan Larabci, ya sauko zuwa ɗari biyu da hamsin, ya ce, "Khalas, yalla," wato shi ke nan, mu je. Minti ashirin da biyar muka isa unguwarsu, Hayyin Ashir.

Alhamis da Juma'a: Hayyin Ashir

Hawa na biyar suke zaune, babu na'urar hawa, gwiwoyina suka gaya min shekaruna. Amma da aka miƙo min jaririya na manta da su. Goshin kakarta ne sak. Na ce, "Amarya, kin sa tsoho ya ƙetaro hamada, ko ruwa ba ki kawo min ba." Bilkisu ta yi dariya, sai kuma hawaye.

Unguwar cike take maƙil. Kana tafiya za ka ji Larabcin Sudan a nan, Hausar Kano a can, wata ta Damagaram a bakin shago. Da safe Nura yakan sayo ful, wato dafaffen wake da mai, da burodinsu mai faɗi mai zafi. Na ci na yaba, sai dai na nemi yaji.

Bayan sallar Juma'a aka yi 'yar walima, ɗalibai da maƙwabta suka cika falo. Cikinsu akwai wani dattijo dogo, siriri, da farar jallabiya, hannuwansa duk kanta. Nura ya ce sunansa Baba Usmanu, Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa za shi hajji, ya tsaya a bakin Kogin Nil, bai ƙarasa ba bai koma ba. Shi kuma yaƙi ya koro shi Alƙahira, yana aikin lambu a gidajen Ma'adi. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, mai nauyi, da Larabci tsame-tsame.

Hira ta kai mu ga shuka, na ciro waya na nuna masa hoton dunƙulen Hajara suna cikin fure, sannan na bara, bayan na sare su. Ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Ya Malam, wa ya yi musu wannan askin?"

Na ce ni ne, da hannuna.

"Allah Ya yafe maka," in ji shi, ya miƙo min wayar. "Gobe ka zo ka same ni wurin aiki, da sassafe."

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, ga wani yana nema min gafara a kan sare itace. Amma na ce zan zo.

Asabar: Ma'adi

Bakwai daidai muka shiga ƙaramar bas ni da Nura, irin wadda direba ke kiran unguwanni da kansa, fasinjoji na miƙa kuɗi daga hannu zuwa hannu har su kai gaba. Minti arba'in zuwa Ramsis. Daga nan muka gangara ƙarƙashin ƙasa muka hau metro, jirgin ƙasansu na cikin gari, wani matashi ya tashi ya ba ni kujera ban roƙa ba. A tashar Hadayek el-Ma'adi, inda yake haya, Baba Usmanu ya shigo ya same mu, muka sauka a ta gaba. Tafiyar minti goma a ƙafa ƙarƙashin manyan bishiyoyi ta kai mu wani tsohon gida, masu shi suna ƙasar waje.

Na ga lambuna a rayuwata, amma wannan ya tsayar da ni a ƙofa. A ƙasar da ruwan sama bai fi a ƙirga ba, mutum ɗaya ya raya wuri haka. Jikin katanga wasu itatuwa ne masu siraran rassa da suka rankwafo, ƙananan furanni farare sun lulluɓe su, wasu sun fara bushewa. Baba Usmanu ya ce sunansu sibireya. A inuwa kuma ga dunƙulen Hajara, su suna ce musu hortensiya, sai dai nasu in sun yi fure ruwan hoda ne. Ya ce ƙasar ce ke sauya launin, ta Masar tana ba da ja-ja, tamu ta Jos mai tsami tana ba da shuɗi.

Bai yi min lacca ba. Ya ɗauko ɗan almakashin lambu, ya goge bakinsa da tsumma, ya ce bismillah, ya durƙusa gaban sibireyar da furenta ya gama. Ya cusa hannu can ciki ya lalubo tsofaffin rassa masu kauri, ya datse su daga gindi, kamar ɗaya cikin uku, sauran ya rage musu tsawo kaɗan. Hannunsa ba ya gaggawa, ba ya kuma shakka. Da ya miƙe, itacen bai yi kama da wanda aka taɓa ba, sai dai iska ta samu hanyar shiga.

"Wannan da ta gama fure ake yi mata," in ji shi. "Idan ka jira sanyi, ka makara. Akwai 'yar uwarta mai jan fure a lokacin zafi, ita ko ka sare ta ƙasa kafin ta tofo ba ta damu ba, a sabon reshe take fure. Kafin ka ɗauki ƙarfe, ya Malam, ka san wacce ce a gabanka."

Sannan ya ja ni wurin dunƙulen. Ya kama wani reshe mai launin toka, wanda ni da na gan shi a gida zan ce busasshe ne. Ya kankare ɓawon da farce, sai ga kore a ciki. Ya ɗora yatsana a kan wasu 'yan toho biyu masu ƙiba a kusa da tsinin reshen.

"Ka ji su? Furen bana ke nan. Tun bara, da ta gama fure, ta ƙulla su ta ajiye a tsohon reshe. Lalle kana sare shi don ganye kake so. Wannan idan ka sare ta kafin damina, ka zubar da furen shekara guda a bola. Ita kan da ya bushe kawai ake cirewa, a yanka a karkace saman toho biyu na farko, a fitar da mataccen reshe. Khalas."

Na tsaya riƙe da reshen. Sai na tuna duk shekara in na wasa adda zan yi sharar gida, Hajara takan tsaya a gabansu ta ce, "Malam, ka bar min waɗannan, ba naka ba ne." Ni a zatona rowar mata ce. Ashe tsare su take yi daga gare ni. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, don shekara huɗu ina ɗora wa mutuwa laifin hannuna.

"Bana ka sare?" ya tambaya.

Na ce a'a, bana na fid da rai, ban taɓa su ba.

"To bana suna da fure."

Na dubi agogo, goma da kwata, wato tara da kwata a Jos, kuma yau Asabar. Nan take na kira Sani. Ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake, na sake. A na huɗu ya ɗauka, ina jin ƙarar diga a bayansa.

"Sani, ka tsayar da su."

"Yaya, lafiya? Ai kai ka ce."

"Na ce, yanzu kuma na fasa. Nawa suka rage?"

Ya je ya duba. "Biyu. Ukun an daddatse saiwar, suna kan tarin shara."

Na zauna a bakin kwamin furanni. Baba Usmanu ya karɓi wayar, ya gaisa da Sani kamar sun saba, ya ce a yanko rassa masu tsawon taƙi daga waɗanda aka cire, a rage musu ganye, a soka cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. "Wasu za su kama, wasu ba za su kama ba," ya ce min. "Ma'alish, ka yi haƙuri. Biyu ma dukiya ce."

Bai bar mu mun tafi ba sai da ya kai mu ɗakinsa a Hadayek, matarsa ta kawo kisra, wani siririn burodi mai tsami, da miyar kuɓewa busasshiya. Da za mu rabu na kawo 'yar ihisani, ya ture hannuna. Ya ce in dai sun yi fure in aiko masa da hoto, ya ga shuɗin ƙasar kakansa.

Sauran kwanaki

Litinin Nura ya kai ni Giza na ga dalar Fir'auna. Abin mamaki ne, babu musu, na kuma ɗauki hoto saboda mutanen gida. Amma da na kwanta, hannun dattijon nan nake gani yana lalube cikin rassa. Ran Laraba na ba Bilkisu labarin duka. Ta ce, "Baba, ai Mama tana da ɗan almakashinta, a cikin kwalla take ajiye shi ƙarƙashin gado. Bayan Sallar layya ko kafin ta, duk lokacin da furen ya bushe, sai ta fita da shi da hantsi kana makaranta." Ban taɓa sanin akwai shi ba.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Jirgi ya tashi tara da rabi na safe, muka sauka Abuja da azahar. Na kwana a Maraba wurin wani tsohon ɗalibina, washegari shida na shiga motar haya. Ruwa ya tare mu a Akwanga. Sha ɗaya da rabi na isa gida.

Rabin wurin ya zama siminti, fes kamar yadda Sani ya yi alkawari. A ƙarshen katanga itatuwa biyu na tsaye, ya kewaye su da bulo. Ban shiga ɗaki ba, na ajiye jaka na durƙusa na bi rassan da yatsa. 'Yan tohon suna nan, bibbiyu, masu ƙiba. A inuwar ɗakin girki kuma na tarar da tsohon baho cike da yashi, sanduna goma sha huɗu a soke. Almakashin ma yana nan cikin kwallar, naɗe a ɗankwalinta.

Ina rubuta wannan ne a tsakiyar damina. Sanduna biyar sun kama. Itatuwan biyu sun yi curi bakwai, shuɗi irin na da. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Nura da Bilkisu da amaryata Hajara ƙarama, na gode wa Sani da ya ɗauki waya a kira na huɗu. Baba Usmanu kuwa na aika masa hoton. Ya turo saƙon murya, na ji yana kiran matarsa ta zo ta gani, sannan ya ce, "Tamam, madalla, ya Malam. Wannan matar taka ta san aikinta." Na amsa masa na ce ta sani, ni ne ban tambaye ta ba.